Karɓar reshen kamfani da ke kan aiki: cikakken horo a uwar kamfani, ko zama da tsohon mai shago?

Duk wanda ya taɓa zama da mai son sayar da reshen wani babban kamfani ya san maganar da ba a minti goma ba ta fito ba: "Ai kai ka huta. Ma'aikata sun san aikinsu, kwastomomi sun saba da wurin, ka zauna kusa da ni mako biyu ka ga yadda ake yi, shi ke nan." Maganar tana da daɗin ji, kuma rabinta gaskiya ce. Wanda ya karɓi shagon da ke kan aiki ya tsallake neman wuri da gini da ɗaukar ma'aikatan farko, ya tsallake watannin nan da ake buɗe ƙofa a zauna ana hamma ana jiran mai shigowa. Ɗaya rabin kuwa shi ne inda kuɗin mutane ke nutsewa. Mai buɗe sabon reshe tare suke girma da shagonsa, ciniki na tasowa a hankali, kuskurensa na farko mutum biyar ne suka gani. Kai da ka sayi tsoho, ranar da aka damƙa maka makulli layi ya riga ya kai bakin ƙofa, motar kaya za ta iso da asuba, ranar albashi ta matso, kuma duk wanda ke cikin shagon ya fi ka sanin aikin.

Tsarin da nake magana a kai shi ne wanda ake kira faranchayis. Kamfani ya ba ka lasisin amfani da sunansa da tambarinsa da tsarin aikinsa na wasu shekaru, kai kuma ka zuba jarinka, ka riƙe ma'aikatanka, kana biyansa kaso daga cinikin da ka yi. Abin da masu saye da yawa ba sa ganewa da wuri shi ne, mai sayarwa yana iya sayar maka da injina da kujeru da kayan da ke sito, amma sunan da ke saman ƙofa ba nasa ba ne. Sai uwar kamfani ta yarda da kai, kuma da wuya ka ga yarjejeniyar da ba ta sa horo cikin sharuɗɗan wannan yarda ba. Ke nan horon yana cikin cinikin tun farko, har yana iya rusa shi.

Hanyoyi biyu za ka tarar. Ta farko, ka shiga cikakken horon da ake ba duk sabon shiga, kai da mai buɗe sabon reshe ku zauna aji ɗaya, ku yi jarrabawa ɗaya. Ta biyu, kamfani ya ba ka taƙaitaccen horo na 'yan kwanaki ko darussa ta intanet, sauran a bar wa tsohon mai shago ya nuna maka a bakin aiki. Wasu kamfanonin ba su da zaɓi: ka yi cikakken ko ka nemi wani cinikin. Wasu sukan sassauta in sun ga kana da gogewa, ko in sun ƙosa su rabu da wanda ke riƙe da reshen. Ko inda babu zaɓi, sanin abin da kowace hanya ke bayarwa da abin da take bari zai nuna maka giɓin da za ka cike da kanka.

Abin da ajin kamfani ke bayarwa

Tsawon cikakken horo ya bambanta ƙwarai daga kamfani zuwa kamfani. Akwai wanda mako biyu ya ishe shi, akwai mai riƙe ka fiye da wata, akwai kuma irin kamfanin gidajen abinci na McDonald's. A Amurka, mai neman riƙe reshensu yakan shafe watanni masu yawa yana aiki a cikin shago ba albashi, tun daga ƙananan ayyuka har zuwa jan ragamar ma'aikata, kuma gama horon ba tabbacin samun reshe ba ne. Abin lura shi ne mafi yawan sababbin shiga wannan kamfani tsohon reshe suke saya. Wato kamfanin da ya kafa makarantarsa ta Hamburger University tun 1961, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani reshensa da ke Elk Grove Village a jihar Illinois, ba ya ɗaukar cewa don shago yana tafiya sai a rage wa mai saye karatu.

Kowace irin sana'a ce, ko gidan abinci, ko wurin motsa jiki, ko gyaran mota, ko cibiyar koyar da yara, darussan ba sa wuce aikin hannu da aikin ofis da ƙa'ida. Za a tsayar da kai a kowane gurbi ka yi aikin da yaronka zai yi. Za a zaunar da kai gaban manhajar kamfani ka koyi yin odar kaya, da ƙidayar abin da ya rage a sito, da tsara masu aikin safe da na dare, da tura rahoton cinikin da daga shi ake yanke kason kamfani. Sai kundin aiki, wanda shi ne ƙashin bayan komai. Yawancin yarjejeniyoyi suna ɗaure ka da bin wannan kundi, suna kuma ba kamfani damar sauya shi duk lokacin da ya ga dama. Saboda haka abin da kake gani kamar ƙaramar doka ce ta yadda ake jera kaya ko awa nawa abu zai yi kafin a zubar da shi, saɓa masa saɓa wa yarjejeniya ne, kuma in gargaɗi ya taru yana iya kai ka ga rasa lasisi.

A ganina babbar ribar wannan hanya ita ce ma'auni. Za ka fito ka san yadda aiki yake in an yi shi daidai, kuma da wannan sanin ne za ka auna shagon da ka saya. Wanda bai taɓa ganin daidai ba, duk abin da ya tarar shi zai ɗauka daidai. Akwai kuma ribar da ba a rubutawa a jadawalin darussa: za ka san fuskar jami'in kamfani da zai riƙa zagayo maka, za ka fito da lambobin abokan ajin da za ka kira ranar da na'urar karɓar kuɗi ta ƙi tashi. Sannan sabon tsari za a koya maka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kamfanoni da yawa ba sa barin mai saye ya gaji tsohuwar yarjejeniya, sai ya sa hannu a kan wadda ake bayarwa a yanzu, da sabon kaso, da sabuwar manhaja, wani lokaci har da sharaɗin gyara shago ya dace da sabon fasali. Mutumin da ya yi nasa horon shekara goma sha biyu da suka wuce ba zai iya koya maka abin da shi ma bai sani ba.

Amma kada a yi wa rogo kallon kitse. An gina wannan horo ne don mai buɗe sabon wuri. Za ka zauna ana bayanin zaɓen unguwa da hulɗa da magina da shirin bikin buɗewa, kai kuwa shagonka ya shekara tara a buɗe. Reshen da ake kai ku gwajin aiki galibi na nuni ne, injinansa lafiyayyu, ma'aikatansa zaɓaɓɓu. Babu darasi a kan yadda za ka shiga tsakanin mutum goma sha biyar da suka saba da wani ubangida, ko yadda za ka gyara sunan reshen da unguwa ta riga ta yanke wa hukunci. Ga kuma cin lokaci da kuɗi, wanda zan dawo kansa.

Abin da tsohon mai shago kaɗai ya sani

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Tsohon mai shago ya san cewa injin baya yana yanke wuta in an kunna shi tare da na gaba. Ya san direban da ke kawo kaya sai an ƙirga a gabansa. Ya san watannin da ciniki ke faɗuwa da dalilin faɗuwar, ya san halin mai gidan haya, ya san kwastoma ukun da odarsu ke riƙe da rabin ribar mako, ya san ma'aikaciyar da in ta tafi mutum huɗu za su bi ta. Babu ajin da zai ba ka wannan, kuma shi ne ilimin da za ka buƙata tun safiyar farko. Ga sauƙi: ba ka bar gida ba, ba ka biya masauki ba, abin da ka koya yau gobe za ka yi aiki da shi a kan injin da ka koya a kansa.

Matsalar ita ce tare da ilimin za ka gaji lauje cikin naɗi. A ce mako na biyar ne da karɓar shago. Mai duba na kamfani ya shigo ba sanarwa, ya wuce kai tsaye zuwa takardar da ake rubuta binciken safe da yamma. Layukan a cike suke tsaf, amma da biro ɗaya, da hannu ɗaya, har da na yammacin yau da bai yi ba tukuna. Ya juyo ya dube ka. Ka juya ka dubi babban ma'aikacinka, shi kuma ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Yallaɓai, ai haka muke yi tun da. Ran Litinin ake cike ta mako gaba ɗaya." Gaskiya ya faɗa. Haka ka gani a makonni biyun da ka zauna da tsohon mai shago, kuma ba ka san laifi ba ne, domin ba wanda ya taɓa nuna maka akasinsa. Sunanka ne yanzu a kan rahoton, ba nasa ba.

Irin wannan ba sai mai sayarwa mugu ne ba. Mutum in ya daɗe a wuri yakan samo gajerun hanyoyinsa har ya manta cewa gajeru ne. Sannan iya aiki daban, iya koyarwa daban. Akwai abin da hannunsa ke yi wanda in ka tambaye shi ba zai iya faɗa maka ba. Ƙari a kan haka, mai sayarwa ƙafarsa ɗaya ta riga ta fita. Kafin a biya shi, ba zai so ya nuna maka abin da zai sa ka rage farashi ba. Bayan an biya shi, wayarsa takan fara ƙara ba a ɗauka. Kuma ka tambayi kanka me ya sa yake sayarwa. In tsufa ne ko ƙaura ko ya koma wata harka, to malami ka samu. In kuwa ciniki ne ya ƙi, ko sun yi ta kai ruwa rana da kamfani a kan ƙa'ida, to mutumin da ya kasa riƙe wurin ne zai koya maka yadda ake riƙe shi.

Wani tarkon da ke cikin wannan hanya shi ne yadda take sa ka a idon ma'aikata. Sun gan ka kana bin tsohon ubangidansu da littafi a hannu, kana tambayar abin da yaron da aka ɗauka bara ya sani. In ka zo daga baya ka ce a sauya wani abu, amsar a shirye take. Wanda ya dawo daga horon kamfani kuwa yana da abin dogaro: ba ni na ce ba, kundi ne ya ce, kuma na yi shi da hannuna na ga yana yiwuwa. Kada ka raina wannan, musamman inda doka ta hana sabon mai shago share ma'aikatan da ya tarar. A Birtaniya, dokar da ake kira TUPE ta 2006 ta tanadi cewa in aka sayar da kasuwancin da ke kan aiki, ma'aikata suna bin sa zuwa hannun sabon mai shi da sharuɗɗan aikinsu na da. Da su za ka zauna, don haka sai ka shigo da abin da za su girmama.

Kafin a biya, ko bayan an biya

Wannan tambayar ta fi ta farko tsada in aka kuskure ta. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mutane da yawa sai sun biya kuɗin shago suke tafiya aji. Mai sayarwa yana matsa lamba a rufe ciniki, banki ya saki bashi, kamfani ya ce ba komai, ka zo zagaye na gaba. To wa zai riƙe shagon makonnin da kake can? Tsohon mai shi ya karɓi kuɗinsa, manajan da ka gada ba ka san shi ba, haya da albashi da bashi duk suna kanka. Mafi muni, horon kamfanoni da yawa ana cin sa ana faɗuwa. Yarjejeniya takan ce sai ka kammala shi yadda kamfani ya gamsu. In ba su gamsu ba bayan ka riga ka biya, ka mallaki injina da kujeru a ƙarƙashin sunan da ba ka da izinin amfani da shi.

Yin horo kafin biya shi ma yana da nasa ciwon. Za ka bar aikinka ko sana'arka, ka kashe kuɗin tafiya da masauki, alhali cinikin yana iya wargajewa. Yarjejeniyoyi da yawa sun ba kamfani haƙƙin riga kowa saye, wato in kun daidaita da mai sayarwa, kamfani yana iya cewa shi zai karɓa a kan wannan farashin. Mai gidan haya yana iya ƙin mayar da yarjejeniyar haya da sunanka. Duk da haka, asarar makonni ta fi asarar jari sauƙi nesa ba kusa ba. Abin da ya kamata shi ne a rubuta a takardar ciniki cewa sayen ya rataya ne a kan amincewar kamfani da cin horo, kuma in ɗayansu bai samu ba za a mayar maka da kafin alƙalaminka. Sannan kada ka sa ƙafa a aji sai kamfani ya rubuta cewa ya janye daga haƙƙinsa na riga saye, ko wa'adinsa ya wuce.

Batun kuɗi a taƙaice: ka tambaya ko kuɗin sauya sunan lasisi ya haɗa da horo ko daban ake biya, mutum nawa ya ɗauke, da wa zai biya tsakaninka da mai sayarwa, domin wannan abin ciniki ne. Tafiya da masauki da albashin duk wanda ka tafi da shi kusan kullum a kanka suke. Ka tambayi kuɗin maimaitawa in wani ya faɗi. Abin da ya fi duka nauyi kuwa ba ya cikin kowace takarda, wato watannin da za ka ciyar da gida ba shigowa.

Wasu sukan ce su masu zuba jari ne kawai, manaja za su tura. Akwai kamfanonin da suka yarda da haka, akwai waɗanda suka ce sai mai shago da kansa. Ko an yarda, ni ban ga hikimarsa ga mai reshe ɗaya ba. Manaja ma'aikaci ne, gobe yana iya samun inda ya fi. Ranar da ya tafi ya tafi da horon da ka biya, a bar ka da shagon da ba ka iya rufe lissafinsa na dare ba, kuma kamfani ya ba ka wa'adi ka kawo wani horarren. In hali ya yi, ku tafi ku biyu.

Kada kuma a manta da takardun shaidar da ba na kamfani ba. Sana'o'i da yawa hukuma tana buƙatar wani a cikin shagon ya riƙe shaidar ƙwarewa, kamar ta tsaftar abinci irin ServSafe a Amurka, ko ta kula da yara, ko ta agajin gaggawa. Irin wannan shaida da sunan mutum ake bayarwa. In tsohon mai shago ne ke riƙe da ita, da ita zai fita.

Inda za ka karanta gaskiyar lamarin

Alkawarin baki ba ya tsayawa a gaban alƙali, don haka sai a koma takarda. A Amurka, hukumar kula da harkokin kasuwanci ta tarayya, FTC, ta wajabta wa kamfani ya ba mai neman lasisi kundin bayani mai sashe 23, aƙalla kwana 14 kafin ya sa hannu ko ya biya wani kuɗi. Sashe na 11 yana ɗauke da jadawalin horo: kowane darasi, awa nawa a aji, awa nawa a bakin aiki, a ina, wa ya zama dole ya halarta, wa ke biyan tafiya da masauki. Ka haɗa awoyin da kanka, domin "horon mako uku" a talla wani lokaci awoyi kaɗan ne aka baza. Sashe na 15 ya faɗi ko dole kai da kanka ka tsaya a shagon, da ko manaja sai ya yi horo. Sashe na 17 ya jera sharuɗɗan amincewa da sauya hannu. Sashe na 20 kuwa yana nuna rassa nawa suka sauya hannu cikin shekara uku, yana kuma ba da sunayen masu riƙe da rassa da waɗanda suka fita kwanan nan. In kamfanin ne da kansa ke sayar maka da reshen da ya karɓe daga wani, dole ya faɗi waɗanda suka riƙe shi cikin shekara biyar da dalilin kowane sauyi.

Amma akwai wani rami a nan da ya shafi mai sayen tsohon reshe kai tsaye. Dokar ba ta ɗauki sayarwar da mai riƙe da reshe ya yi wa wani a matsayin sayarwar kamfani ba, muddin kamfanin bai sa hannu sosai a cinikin ba, kuma amincewa ko ƙin amincewa kaɗai ba ta kai sa hannu sosai ba. Ke nan yana yiwuwa ka sayi reshe ba tare da an wajabta wa kowa ya miƙa maka wannan kundi ba. Ka nema da bakinka. Kamfanin da ya yi ta kwana-kwana a kan ba ka shi ya riga ya ba ka amsa.

Sauran ƙasashe kowa da nasa. A Faransa, dokar Doubin ta 1989 ta ce a miƙa takardar bayani aƙalla kwana 20 kafin sa hannu. A Ostireliya, dokar da ke kula da wannan harka ta hana kamfani ƙin amincewa da sauya hannu ba tare da dalili mai ma'ana ba, kuma in ya yi shiru kwana 42 bayan an ba shi bayanan da ya nema, ana ɗauka ya yarda. Sai dai rashin cika sharuɗɗan zaɓen kamfani yana cikin dalilan da aka yarda da su. Birtaniya ba ta da doka ta musamman a kan faranchayis, don haka abin da ke cikin yarjejeniya shi ne kariyarka. Inda babu dokar da ta tilasta bayani, tambayoyin nan na sashe na 11 su ne za ka rubuta ka aika wa kamfani, ka nemi amsa a rubuce.

To wa ya dace da wace?

Wanda ya riga yana riƙe da wani reshe na wannan kamfani, ya sayi na biyu ko na uku, ba ya buƙatar komawa ajin farko. Taƙaitaccen horo da zama da tsohon mai shago sun ishe shi, domin yana da ma'aunin a kansa. Manajan da ya sayi shagon da yake aiki a ciki kuwa lamarinsa a juye yake: ya san injina da mutane fiye da kowa, abin da bai taɓa gani ba shi ne takardar haraji da inshora da yarjejeniyar haya da yadda kuɗi ke ƙarewa a tsakiyar wata ko da ciniki yana kyau. Shi ɓangaren ofis na horon kamfani zai nema, ya kuma shirya jin cewa wasu abubuwan da ya shekara yana yi ba haka ake yin su ba.

Wanda ya fito daga aikin albashi ko wata sana'a daban, babu ja: cikakken horo, ko da an yi masa tayin rangwame. Wanda na fi jin tsoro a kansa shi ne gogaggen da ya shekara ashirin a irin wannan sana'a amma a ƙarƙashin wani suna ko da sunan kansa. Shi ne kamfani ya fi saurin yi wa sassauci, shi ne kuma ya fi saurin karo da kundi, domin ya san wata hanyar da take aiki kuma bai ga dalilin barinta ba. Ba sana'ar zai je koyo ba, zai je ne ya gwada ko zai iya zama a ƙarƙashin dokar wani. Gara ya gano amsar a mako na biyu na aji da ya gano ta bayan ya sa hannu a yarjejeniyar shekara goma.

Ga mafi yawan masu saye, abin da zan zaɓa shi ne a haɗa biyun, amma a jere: ajin kamfani da farko, kafin biya, sannan zama da tsohon mai shago. In ka juya jerin, abin da ka fara gani shi zai zauna maka. Kuma zaman nan na biyu kada a bar shi a kan "zan riƙa leƙowa". A rubuta kwana nawa, awa nawa a rana, da abin da za a yi: ku buɗe tare ku rufe tare, ku yi ƙidayar sito sau ɗaya cikakkiya, ku biya albashi zagaye ɗaya, ku rufe lissafin ƙarshen wata, ya kai ka gaban mai gidan haya da manyan kwastomomi da mai gyaran injina ya gabatar da kai, ya miƙa maka duk lambobin sirri na kwamfuta da asusun talla. A ajiye wani kaso na kuɗin cinikin a hannun lauya, ba za a sake shi ba sai an gama wannan. Ka kuma roƙi kamfani ya turo mai dubawa kafin a rufe ciniki, ya auna shagon da ma'aunin da zai auna ka da shi, a ba ka rahoton tare da na baya-bayan nan. Duk laifin da aka gani a ranar, gyaransa na mai sayarwa ne ko a cire shi daga farashi.

Kafin duk wannan, ka ɗauki waya. Daga cikin masu riƙe da rassan kamfanin, ka nemo uku ko huɗu da suka sayi tsohon reshe kamar yadda kake shirin yi, ba waɗanda suka gina sabo ba, kuma ba waɗanda kamfani ya zaɓo maka ba. Ka tambaye su kwana nawa jami'in kamfani ya tsaya tare da su bayan sun karɓi makulli, domin tawagar da ake tura wa sabon reshe ranar buɗewa ba lallai a tura wa mai sayen tsoho ba. Ka tambaye su ma'aikata nawa suka rage bayan wata shida, da abin da ya faɗo musu a watan farko wanda aji bai ambata ba, tsohon mai shagon ma bai ambata ba.